Ƙurar da ke cikin jini: tarihin gano saƙonnin jijiya

Jama'a, tun a 1865 masanin ƙirar jiki Wilhelm His ya raɗa wa fatar nan mai laushi da ta lulluɓe cikin jijiyar jini suna endotiliyam. Mu a nan za mu kira ta shimfiɗar jijiya, domin kuwa haka masana suka ɗauke ta fiye da shekara ɗari, wato tabarma ce kawai da jini ke bi ta kai.

Abin da ya rushe wannan zato kuskure ne. A 1978, a ɗakin binciken Robert Furchgott da ke birnin New York na Amurka, an zuba sinadarin asetilkolin a kan jijiyar zomo, sai ta saki, alhali kuwa an saba ganin ta tsuke. Da aka bi diddigi, ashe a gwaje-gwajen baya wajen yanka jijiyar ana goge shimfiɗar ba da sani ba. Furchgott da John Zawadzki suka buga sakamakon a 1980: shimfiɗar ce ke aika wani saƙo ga naman jijiya cewa ya saki. Mene ne saƙon? A 1986 Furchgott da Louis Ignarro, kowa ta hanyarsa, suka ce iskar nitirik oksaid ce, a 1987 kuma Salvador Moncada da abokan aikinsa a Ingila suka tabbatar. Aka ba Furchgott da Ignarro da Ferid Murad lambar Nobel a 1998, aka bar Moncada. A ganina ba a kyauta masa ba.

To, a gefe guda akwai wani labarin da ba a kula da shi ba. A 1967 Peter Wolf a Birmingham ya tace jini, ya sami wani ɓarɓashi mai sa jini daskarewa, ya kira shi ƙura. Sunan ya cuce shi, don wa zai ɓata shekarunsa wajen nazarin shara? Sai a 1999 Valéry Combes da abokan aikinta a Faransa suka nuna cewa shimfiɗar jijiya ma tana zubar da irin wannan ɓarɓashi, kuma tana ƙara zubarwa idan aka taɓa ta da sinadarin kumburi da ake kira TNF. Daga baya aka ga turombin da anjiyotensin II su ma suna sa ta haka.

Ga yadda abin ke gudana. Saƙon kumburi ya iso, sinadarin kalsiyam ya ƙaru a cikin ƙwayar shimfiɗa, tanka-tankan da ke riƙe da fatarta su sassauta, fatar ta yi bororo ta ɓalle. Ɗan ɓallen bai fi kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Amma wani kitse da ya kamata ya zauna ta ciki ya juyo waje, a kansa kuwa jini kan sami wurin daskarewa. Hasali ma a 2001 Chantal Boulanger ta ɗebi ɓarɓashi daga jinin waɗanda suka yi bugun zuciya, ta sa wa jijiyar ɓera, jijiyar ta kasa saki yadda ya kamata. Wato ƙurar Wolf na toshe saƙon Furchgott.

Kada ɗalibi ya ce wannan zancen Turai ne. A 2003 an sami ɓarɓashin shimfiɗa a jinin masu amosanin jini, cutar da Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ita. A 2004 kuma Combes ta same shi da yawa a jinin yaran Malawi da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa musu ƙwaƙwalwa suka suma.