Daga Kano Zuwa Jidda: Tafiyar Shekaru Ta Koma Ta Sa'o'i

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai nisan kilomita kusan 3,400 idan aka miƙe ta sama. Jirgin alhazai, wanda kan ci kilomita 800 da ɗoriya a cikin sa'a guda, yakan shafe wannan tazara cikin sa'a huɗu da rabi zuwa biyar. Da yake agogon Saudiyya na gaba da namu da sa'a biyu, wanda ya tashi da hantsi zai sauka bayan la'asar. Yaranmu sun taso sun tarar da haka, shi ya sa muka ga ya wajaba mu tuna musu yadda abin yake a da.

Kakanninmu a ƙasa suka bi wannan hanya, da jakuna da takarkarai. Daga Kano sai Barno, a ƙetare zuwa Fort Lami, wato Njamena ta yau, a bi ta Abeshe cikin ƙasar Wadai, a shiga Darfur ta Jinaina da Fashir, sannan Ubayyid da Hartum, har a kai Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar kan ɗauki shekaru, domin duk inda guzuri ya ƙare sai a yada zango a yi ƙodago. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, da yawa suka tsaya can neman kuɗin jirgi, zaman ya zarce har jikoki. Garin Mai Wurno da ke gaɓar Shuɗin Nilu kuwa, waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi. Saboda haka mai haramar tafiya a wancan zamani sai ya biya bashi, ya bar wasiyya, ya nemi gafarar dangi.

Canji ya zo sannu a hankali. A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya sauke farali ta jirgin ruwa, ya bi ta Ingila. A 1925 jiragen sojan Ingila da suka taso daga Masar suka sauka Kano, a 1936 kuma aka fara jigila tsakanin Hartum da Kano ta sama. Filin Jidda na yanzu, mai rumfunan alhazai masu kama da tantuna, a 1981 aka buɗe shi.

Amma ƙasar da ke tsakani tana nan inda take. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, tilas jiragen alhazanmu na wannan shekara suka yi zagaye, lokacin tafiya ya ƙaru, kuɗin jigila ma haka. Garuruwan da yaƙin ya ɗaiɗaita, irin su Jinaina da Fashir, su ne zangon kakanninmu, kuma akwai jininmu a cikinsu.

Kusan kowace unguwa ta garin nan tana da labarin wani da ya nufi gabas bai dawo ba. Dattawan da suka riƙe sunayensu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Muna kira ga wannan ƙungiya tamu da ta kafa kwamiti ya bi gida-gida, ya rubuta sunan kowane matafiyi, da shekarar tafiyarsa, da inda aka ji labarinsa na ƙarshe. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasar Sudan lafiya, amin.