HAIKU

haiku (sn., mc., jam. waƙoƙin haiku) Gajeriyar rubutacciyar waƙa ta ƙasar Japan mai gaɓoɓin sauti 17, waɗanda ake rabawa gida uku: 5, 7, 5. Ba ta da amsa-amo. Jigonta halittun Ubangiji da sauyin yanayi, amma abin da take nufi shi ne halin ɗan Adam: kaɗaici, tsufa, rabuwa da gushewar duniya.

Sharuɗɗanta biyu ne. Na farko *kigo*, kalmar da ke nuna lokacin shekara, kamar furen ceri ko dusar ƙanƙara. Na biyu *kireji*, kalmar da ke yanke waƙar gida biyu, ta ajiye hotuna biyu kusa da juna, mai karatu ya gano dangantakarsu da kansa.

Asalinta *hokku*, wato baitin buɗe doguwar waƙar *renga* da mawaƙa ke haɗuwa su tsara bi da bi. Matsuo Basho (1644–1694) ne ya ɗaukaka darajarta. Tafiyarsa zuwa arewacin Japan a 1689 ta haifar da littafinsa *Oku no Hosomichi*. Yosa Buson (1716–1784) mai zane ne, kuma idon mai zane yake kallon duniya da shi a waƙoƙinsa. Kobayashi Issa (1763–1828), wanda ya binne 'ya'yansa da dama, ya yi wa kwaɗi da ƙudaje waƙa cikin tausayi. Masaoka Shiki (1867–1902) ya yaɗa sunan haiku, ya tsayar da ita da ƙafafunta.

Misali: *Malama ta sa ɗalibai su rubuta haiku a kan hunturu.*

Duba kuma: renga, tanka, waƙa.