Tarihin Iyakar da Aka Sa wa Igiyar Rediyo a Wayar Salula

Gabatarwa

Kowace wayar salula tana da wani adadi a cikin takardunta, wanda masana suke kira SAR a taƙaice. Adadin yana nuna yawan ƙarfin igiyar rediyo da naman jikin mutum yake sha, kuma ana auna shi da wat a kan kowane kilo. Sai dai tunanin sa wa wannan igiya iyaka ya girmi wayar kanta, domin daga aikin soja ya faro.

Asalin Iyakar

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, hankalin likitocin soja ya koma kan ma'aikatan na'urar rada, wadda igiyarta mai ƙarfi take ɗumama jiki. A shekarar 1953, Herman Schwan, wani masani Bajamushe da ya koma Amurka, ya ba rundunar sojan ruwan ƙasar shawarar kada ƙarfin igiyar ya haura miliwat 10 a kan kowane murabba'in santimita. Hujjarsa ita ce, zafi ne kaɗai illar da aka tabbatar. A 1966 shawarar ta zama ƙa'ida a Amurka. Masanan Tarayyar Sobiyat kuwa suna ganin igiya mai rauni tana iya taɓa jijiyoyi ko da ba ta ɗumama jiki ba, don haka suka sa iyakar da ta gaza ta Amurka sau dubu.

A 1982 aka shigar da ma'aunin SAR cikin ƙa'idar Amurka. Gwaji a kan ɓeraye da birai ya nuna cewa idan jiki ya sha kimanin wat 4 a kilo, dabbar takan daina aikin da aka koya mata. Sai aka raba adadin gida goma, ya zama 0.4. Daga bisani aka bar wannan ga ma'aikata, aka sa wa sauran jama'a 0.08.

Zamanin Salula

Da yake a kunne ake kara waya, ya zama tilas a auna ɗan yankin da ya fi shan igiyar. A 1996 hukumar sadarwa ta Amurka ta tsayar da wat 1.6 a kilo, ana lissafi a kan giram 1 na nama. A 1998 hukumar masana ta ICNIRP ta tsayar da wat 2 a kan giram 10, Tarayyar Turai ta amince a 1999.

Tsohuwar taƙaddamar ba ta mutu ba. A 2011 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa igiyar a rukunin 2B, wato abubuwan da mai yiwuwa suna jawo cutar amma hujjar ba ta yi ƙarfi ba. Da ICNIRP ta sake bita a 2020, ta bar wat 2 yadda yake.

Kammalawa

Iyakar nan an gina ta ne bisa zafi, aka kuma bar tazara mai faɗi tsakaninta da matakin cutarwa. Amfaninta ya dogara ga mai bincike: a Satumban 2023 Faransa ta dakatar da sayar da iPhone 12 bayan gwaji ya nuna wat 5.74 ga hannu da ƙafa, alhali iyakarsu 4 ce, har sai da kamfanin Apple ya gyara manhajar wayar.