Daga Takardar Jocelyn Bell Zuwa Farantan Karoo

A wannan sana'a tamu ta sauraren taurari ta siginar rediyo, girman faranti ke yanke abin da za ka ji. A 1967 Jocelyn Bell, ɗaliba a jami'ar Kambirij, ta lura da wani ɗan zane a kan doguwar takardar da alƙalamin na'ura ke bi, sigina mai dawowa duk bayan daƙiƙa 1.33. Fulsa ta farko ke nan: gawar tauraro da ta dunƙule ta koma curin niyutiron mai faɗin kilomita 20 ko makamancin haka, amma ta fi rana nauyi. Kyautar Nobel ta 1974 ta tafi ga malaminta, Antony Hewish; har gobe ana gunaguni a kan wannan.

Daga nan farantin Arecibo ya karɓi ragama. Da wannan faranti mai faɗin mita 305 Hulse da Taylor suka gano fulsa mai zagaya wani tauraron niyutiron a 1974, aka kuma samu mai juyi 642 a daƙiƙa a 1982. Da ya rufta a Disambar 2020, da yawanmu mun ji kamar an yi mana rasuwa a gida.

Yanzu FAST na Sin, mai mita 500, ya gano fulsa fiye da 1,000, ga kuma SKA da aka fara ginawa a 2022: faranti 197 a Karoo ta Afirka ta Kudu, eriya 131,072 a yammacin Ostireliya. Jaridu kan ruɗu da yawan da za a gano. Ni ba nan hankalina yake ba. Aikinmu na gaske auna lokaci ne: ka tara dubban bugu, ka share ƙazantar wayoyin hannu da tauraron ɗan'adam, ka fitar da lokacin isowa guda ɗaya, sannan ka koma bayan makonni ka sake, shekara da shekaru. Da irin wannan naci aka samu alamun igiyoyin da ke girgiza sararin samaniya a 2023. Faranti mai kaifin ji zai rage kuskuren kowane awo, ya kuma shigo da fulsa masu raunin sigina cikin lissafi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne iyakar nauyi. An auna tauraron niyutiron da ya ninka rana sau biyu da ɗoriya. A 2024 aka sanar cewa MeerKAT, jerin farantan da ke Karoo, ya ci karo da wani abu a gungun taurari na NGC 1851, wanda nauyinsa ya faɗa tsakanin tauraron niyutiron mafi nauyi da baƙin rami mafi ƙanƙanta. Ƙarin awo ne kaɗai zai raba wannan gardama.