Sabunta Debian a tsohuwar kwamfuta: yadda ake kauce wa rikicin manhajoji masu dogaro da juna

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake bai wa Windows 10, alhali tsofaffin kwamfutoci da dama ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Ga mai shagon buga takardu a Funtua, ko dillalin masara a Malumfashi da ke ajiye lissafin bashi a kwamfutar gwanjo, ɗaya daga cikin mafita ita ce Debian, wani nau'in Linux na kyauta da Ian Murdock ya assasa a 1993. Ana iya girka shi da manhajoji kaɗan, ta yadda ba zai yi wa kwamfuta nauyi ba.

Matsalar takan taso ne wajen sabuntawa. A Debian kowace manhaja tana zuwa ne a ƙunshi, kuma ƙunshi ɗaya yakan dogara da wasu kafin ya yi aiki. Manhajar apt ce ke lissafa wannan dogaro. Idan sabon ƙunshi ya ci karo da tsoho, apt na iya ba da shawarar cire tsohon, ko da shi ne ke haɗa kwamfutar da intanet.

Debian 12, mai laƙabin bookworm, ya fito a Yunin 2023, sai Debian 13, wato trixie, a Agustan 2025. Ba a tsallake zango: mai Debian 11 sai ya bi ta 12. Kwamfuta mai 32-bit kuwa ta tsaya a bookworm, domin trixie ya daina ɗaukar irinta.

Matakin farko shi ne kwafe muhimman fayiloli zuwa filas. Daga nan a sauya bookworm zuwa trixie a cikin /etc/apt/sources.list, a ba da umarnin apt update. Sai a yi aikin kashi biyu: apt upgrade --without-new-pkgs, wanda ba ya cire komai, sannan apt full-upgrade, wanda ke da ikon girkawa da cirewa. Kafin a amince, wajibi ne a karanta jerin abubuwan da za a cire. A kwamfutar da aka girka wa manhajoji kaɗan, kusan kowane ƙunshi yana da muhimmin aiki.

Ɗaukewar wuta ana tsakiyar aiki ita ce babban haɗari, don haka a tanadi cikakken batir ko janareta, da isasshiyar data. In aikin ya yanke, umarnin dpkg --configure -a da apt --fix-broken install sukan ƙarasa shi. Ɗan kasuwa ya fi dacewa ya yi wannan aiki kafin kaka, ba lokacin da buhunan hatsi ke shigowa ana neman lissafi ba.