Yadda Alƙur'anin gafaka ya koma hajar dillalai

A ƙasar Tasawa, daga Maijirgi har Mayahi, kamar sauran ƙasar Hausa da Barno, ba a ɗinke Alƙur'anin rubutun hannu. Alaramma kan rubuta shi warƙa-warƙa a kan takardar da fatake ke kawowa daga Tarabulus, mai tambarin jinjirin wata uku ta masana'antun arewacin Italiya. Sai a tara cikin tadarishi, a zura a gafaka. A ƙasan warƙa akan rubuta kalmar da ke buɗe ta gaba don kada jeri ya rikice, kuma almajirai da yawa na iya karatu da littafi ɗaya a lokaci guda.

Wannan sauƙin ne dillali ya samu. A ƙasashen Turawa sai da aka sa wuƙa. Otto Ege na Amurka, wanda ya rasu a 1951, ya yayyanka tsofaffin littattafai yana sayar da su shafi-shafi, Arthur Houghton kuma ya wargaza littafin Shahnama na Shah Tahmasp mai zane 258 a shekarun 1970, domin kuɗin ɓalle-ɓalle ya fi na dunƙule. Namu zarewa kawai ake yi.

Da bugun inji ya wadata, sai na hannu ya koma rataye a ɗaka. Ranar rabon gado wasu magada kan kasa shi kashi-kashi. Dillali kuwa warƙoƙin ado yake nema, masu zayyanar rubu'i da alamun hizbi da sujada, a sa su a gilashi a kai intanet. Hujjarsa ita ce gara da yoyon damina za su cinye littafin in an bar shi. Gara tana ɓarna, gaskiya ne, amma maganinta adana. Warƙar da ta rabu da shafin tammat na ƙarshen littafi ta rasa sunan marubucinta da garinsa har abada, kuma asarar ta garin ce gaba ɗaya.

Akwai waɗanda suka tsaya kan adanawa. Littattafan da Boubou Hama ya tattara su ne tushen taskar cibiyar bincike ta IRSH a Yamai, mai rubuce-rubuce kimanin 4000. An kafa cibiyar adana tarihi ta Arewa House a Kaduna a 1970, Nijar kuma ta yi dokar kare kayan tarihi a 1997.

Magada, in rabo ya zo, ku yi wa littafin ƙima, ɗaya ya riƙe shi cikakke ya biya sauran, a kuma ɗauki hoton kowace warƙa.