Olsa: Daga Jiƙon Kanwa Zuwa Ƙwayar Cutar da Ta Fara Ƙin Jin Magani

Yau tarihin olsa zan ɗauko mana, wato gyambon ciki.

A ƙasar Gumel, daga Gagarawa har Sule Tankarkar, in mutum ya ce ƙirjinsa na zafi, abin da za ka ji shi ne: yunwa ce, ko yaji, ko yawan tunani. Sai a jiƙa masa kanwa. Kada ku yi wa kakanninmu dariya, don likitocin Turai ma kusan haka suka ɗauka har wajen 1980. A ganinsu, babu ƙwayar cutar da za ta rayu a cikin ruwan tsamin ciki.

A 1982 wasu likitoci biyu a birnin Perth na Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka rarrabe wata ƙwayar cuta daga cikin majinyata, wadda yanzu ake kira H. pylori. Aka ƙi yarda da su. A 1984 Marshall ya kwankwaɗi ruwan da ke ɗauke da ita, cikinsa ya kama ciwo, ya sha magani ya warke. A 2005 aka ba su kyautar Nobel.

Mu ma labarin ya iso gida. A 1992 wani likita mai suna Holcombe ya wallafa binciken da aka yi a Maiduguri, inda ya nuna mafi yawan waɗanda aka gwada suna ɗauke da ita, da yawa tun suna yara.

To ga inda gizo ke saƙa. Maganinta haɗi ne: masu kashe ƙwayoyin cuta aƙalla biyu, da mai rage tsamin ciki irin omeprazole, yawanci na kwana 14. Amma je kasuwar Maigatari ranar Alhamis ka ga yadda ake sayen Flagyl da amoxicillin ƙwaya huɗu-huɗu, kamar goro. Ƙwayar cutar da ta sha rabin magani ta tsira, gobe ba za ta ji shi ba. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin masu bijire wa magani da ke buƙatar sabo.

Shawarata: a je asibiti a yi gwajin bayan gida ko na numfashi. A shanye magani duka, ko da an ji sauƙi. Bayan wata guda a sake gwaji. Wanda ya ga baƙin bayan gida ko aman jini, kada ya kwana a gida.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.